Rabin Allon da Ban Gani Ba

Wannan babi na labarin rayuwata saboda kai ne, Nasiru, ko da yake ina so ƙannenka ma su karanta. An gaya mini abin da ya faru wurin ɗaurin aure a unguwar Mabera, cewa Malam Ladan ya miƙo maka hannu ka kau da kai ka wuce. Na san ba kai ka ƙirƙiro wannan ƙiyayya ba. A gida ka tashi ka tarar ana cewa Ladan ne ya yi mini ƙulle-ƙulle har aka raba ni da aikin koyarwa a kwaleji, don ya gaje kujerata. Na sha gaya muku da baki ba haka aka yi ba, sai ku ce ai haƙuri ne irin na Baba. To ga shi a rubuce. Ƙanwarka Sa'adatu ce ke riƙe da alƙalami, ina faɗa tana rubutawa.

Ku ba ku san ni a tsaye gaban allo ba, kun yi ƙanana. Ilmin kwamfuta nake koyarwa, kuma cikin duk darussan da nake bayarwa akwai guda ɗaya da nake ɗokin zuwan lokacinsa kowace shekara. Wata dabara ce ta jera lambobi daga ƙarami zuwa babba. Turawa suna kiranta merge sort, ni kuwa a aji raba-ka-haɗa nake ce mata, har sunan ya bi ni, in na ɓullo sai ka ji ɗalibai suna cewa ga Malam Raba-ka-haɗa nan tafe. Abin ba wuya a baki. An ba ka lambobi a hargitse, sai ka raba su gida biyu, kashin hagu da kashin dama. Kowane kashi ka sake raba shi biyu, ka yi ta yi har kowace lamba ta tsaya ita kaɗai, domin abu ɗaya tilo a jere yake, ba shi da wanda zai yi rigima da shi. Daga nan sai haɗawa. Ka ɗora yatsa kan lambar farko ta kashin hagu, ka ɗora wani kan ta farko a kashin dama, ka duba wadda ta fi ƙanƙanta ka ɗauke ta, ka matsa da yatsan gaba, ka sake dubawa. In kashi ɗaya ya ƙare, ka kwashe abin da ya saura a ɗayan ka liƙa a ƙarshe. A cikin furogiram, wato rubutun da kwamfuta ke bi ta yi aiki, ɗan guntun umarni ne wanda yake kiran kansa da kansa, ya kira kansa kan hagu, ya kira kansa kan dama, sannan ya haɗa abin da suka dawo masa da shi. A nan ɗalibai kan ruɗe, su ce yaya abu zai nemi taimakon kansa bai gama ba? Ni kuwa daɗina ke nan, in tsaya ina kallon fuskokinsu har lokacin da abin zai faɗa musu. Za ka ga mutum ya buɗe baki, ya jingina da baya, ya yi wata 'yar dariya shi kaɗai. Ladan ma a gabana ya yi wannan dariyar yana saurayi, kafin ya girma ya dawo muna koyarwa tare.

Ciwon ya same ni da safe, ina alwala a bayan ɗaki. Buta ta suɓuce daga hannuna na hagu, na sunkuya in ɗauka sai na tarar da kaina kwance a ƙasa. Mahaifiyarku Luba ce ta ji faɗuwata. A asibiti suka ce hawan jini ne ya kawo shanyewar ɓarin jiki, amma na yi sa'a. Bakina bai karkace ba, maganata ba ta taɓu ba, kafin damina ta kankama na soma takawa da sanda ina jan ƙafa kaɗan. 'Yan dubiya suka yi ta zuwa gidanmu na ma'aikata, ina zaune ina ba su labari ina sa su dariya, suna fita suna cewa Malam ya warke sarai. Ni ma haka na ɗauka.

Luba ce ta fara gani. Wata rana ta kawo mini tuwon shinkafa, na ci na ture kwano na ce alhamdu lillahi, amma tuwon yau ya yi kaɗan. Ta tsaya tana kallona.

"Malam, mi ya hana ka cin wanga gehe?"

"Wane gehe? Ai na cinye."

Ta sa hannu ta juya kwanon. Sai ga rabin malmala cur, da miya a kai, kamar yanzu aka zuba. Na ce wasa take yi da ni, ta ƙaro ne ban lura ba. Daga nan ta riƙa lura tana tarawa a ranta. Ina sa hannun riga na dama in bar na hagu yana reto. Ina bugun gefen ƙofa da kafaɗar hagu kullum in ce an matsar da wani abu. In mutum ya zauna ta haguna yana magana, sai in riƙa amsa wa bangon dama. Da muka koma asibiti ta zayyana wa likita duka, ina jin haushinta. Likitan ya ba ni takarda ya ce in zana agogo. Na zana, na ga ya yi kyau. Ya ce mini lambobin duk sun cunkushe a gefe ɗaya, ɗaya gefen fili ne fetal. Ya ce idona lafiya lau yake, ƙwaƙwalwar ce ta daina tambayar abin da ke hagu, kuma muguntar wannan ciwo ita ce mai shi ba ya jin ya rasa komai. Wani yakan samu sauƙi, wani kuwa haka zai zauna. Na gode masa, a raina ina cewa yaro ne, bai san da wa yake magana ba.

Da muka dawo gida na ce a ɗauko mini kwamfutata. Na yi niyyar in rubuta raba-ka-haɗa a gaban Luba, abin da nakan rubuta kafin shayi ya huce, ta gani da idonta ta bar ni in huta. Na rubuta, na danna. Kwamfuta ta watso mini jan rubutu, alamar kuskure. Na duba ban ga komai ba, na sake dannawa, ta sake watsowa. Na ce zaman da ta yi a ajiye ne ya lalata ta. Luba ta yi makarantar horon malamai, tana karanta Turanci ko da yake ba ta san furogiram ba. Ta jawo kujera ta ce bari ta karanta mini abin da na rubuta, harafi harafi. Tana karantawa ina saurare. Layukan duk guntaye ne, wani ba kansa, wani na buɗe shi ban san da me na soma ba na rufe da wani abu daban. Layin da ke ce wa furogiram in lamba ɗaya ta rage ka tsaya, na share rabinsa ban sani ba.

Ba ta yi mini dariya ba, ba ta kuma ce ai na gaya maka ba. Likita ya koya mata wata dabara. Ta samo jan zare ta liƙa shi a gefen hagu na gilashin kwamfutar daga sama har ƙasa, ta ce kada in soma karanta kowane layi sai na juya kaina na ga jan zaren tukuna. Haka muka riƙa yi kowace hantsi, in kun tafi makaranta. Ranar farko da furogiram ɗin ya tashi, sai ya yi ta kiran kansa ba tsayawa har kwamfuta ta gaji ta yanke shi. Muka gyara. Wata rana ya tashi ya gama ba jan rubutu, na ga lambobi a jere, na buga cinya na ce to Luba, ga shi nan.

"Nawa kas sa mashi, Malam?"

"Takwas."

"Huɗu na gani."

Na kira furogiram kan kashin dama, na manta ban kira shi kan na hagu ba. Layi ɗaya ne, wanda na koya wa ɗaruruwan mutane, na kuma ja kunnensu a kai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ilmin yana nan a kaina daram. In na rufe ido sai in karanto mata furogiram ɗin daga farko har ƙarshe kamar hadda. Ina buɗe ido in kai hannu, rabinsa ya zube.

A wannan lokacin ne baffanku Buhari ya soma zuwa daga Ƙofar Rini kusan kullum. Yayana ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, malami ne mai almajirai manya, kuma yana sona so mai tsanani. Shi dai bai taɓa yarda cewa mutum zai yi magana tsaf, ya kawo aya daidai, sannan a ce ƙwaƙwalwarsa ta taɓu ba. Ya ce wannan akwai hannu a ciki. Da ya ji cewa Ladan ne aka ba riƙon sashenmu a kwaleji tun da na kwanta, sai ya kaɗa kai.

"Wa yac ci riba da kwanciyarka? Ka duba nan, ba sai an yi maka duba ba."

"Yaya, hawan jini na. Likita ya hwaɗi."

"Likita ya san jini. Bai san mutane ba."

Luba tana bayan labule tana ji, ba ta iya tanka masa. In ya tafi sai ta fito ta ce mini, Malam, kada ka bari wagga magana ta zauna cikin gidanga, ɗiya suna ji. Gaskiyarta. Kuna ji, kai musamman, ka kai shekarun da magana ke kama zuciya. Na sha ruwan rubutun da Yaya ya kawo, na yi addu'o'in da ya ba ni da zuciya ɗaya, amma zancen Ladan na gaya masa ya bari. Bai bari ba har ya koma ga Allah, kuma ban riƙe shi da komai ba. Mutum in yana son ɗan'uwansa yakan fi so a ce wani ne ya cuce shi, ko ba komai akwai wanda zai yi fushi da shi.

Ladan kuwa yana zuwa duk Juma'a bayan an sauko, ya cire takalmi ya zauna ƙasa, ko na ce ya hau kujera ba ya hawa. Da sabon zangon karatu ya gabato na ce masa zan dawo aji. Ya ce Malam ko a ƙara ɗan lokaci. Na ce lokacin me? Ka ji bakina yana rawa ne? Ya ce a'a. Na ce to ka ba ni 'yan shekara ta biyu, makon da za su yi raba-ka-haɗa. Luba ta roƙe ni bayan ya fita, har da hawaye.

"Ka bari sai baɗi. Ni ba ni can, wa za ya riƙa ce maka duba hagu?"

"Allo ba kwamfuta ba ne. Allo na san shi ya san ni."

Ranar na sa farar babbar riga, Ladan ya zo da mota ya ɗauke ni. Ina shiga aji ɗalibai suka miƙe suna tafi, wasu da ba 'yan ajin ba sun cika tagogi. Ladan ya zauna can baya. Na soma da baki, kuma wallahi ban taɓa yin bayani mai daɗin na ranar ba. Na ba su dariya, na ga suna bina. Sannan na ɗauki alli na rubuta lambobi takwas manya-manya daga wannan gefen allo zuwa wancan: biyar, takwas, uku, shida, tara, ɗaya, bakwai, biyu. Na ja layi a tsakiya. Na raba, na sake rabawa, na haɗa ina yi ina bayani, har na samu ɗaya, biyu, bakwai, tara. Na ja layi biyu a ƙarƙashi, na kakkaɓe hannu, na juyo na ce kun ga an gama, wa ke da tambaya?

Ajin ya yi tsit. Na ɗauka shirun fahimta ne, na tsaya ina jiran wannan 'yar dariyar. Ba wanda ya yi. Can wata ɗaliba a layin gaba ta ɗaga hannu a hankali, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Malam, saura na hagu."

Na duba allo, ban ga saura ba. Na ce mata ina? Ta nuna. Sai da na juya jikina gaba ɗaya, sanda da ƙafa da komai, sannan na gan su: biyar, takwas, uku, shida, da rubutun hannuna, ba abin da ya taɓa su. Na yi murmushi na ce gwada ku nake yi in ga masu barci. Wasu suka yi dariya don su taimake ni. Na je na tsaya gaban huɗun nan na jera su da ƙyar. Sai aka zo haɗawa ta ƙarshe, inda dole ido ya riƙa zuwa hagu yana dawowa dama. Na ɗora yatsa kan uku, na waiwaya na ga ɗaya, na rubuta ɗaya. Na rubuta biyu. Na rubuta bakwai. Wani daga baya ya ce Malam uku, wani ya ce masa yi shiru. Na koma neman uku, na same ta, na dawo na rasa inda na tsaya. Hannuna na hagu yana can manne da allo, na manta nawa ne. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Abin da na sani, da na juyo ɗalibar nan ta sa fuskarta cikin hijabi, na bakin taga sun watse. Ladan ya taso ya ce wa aji lokaci ya yi, Malam bai gama warwarewa ba, a yi masa addu'a. Ya kama hannuna ya fita da ni, kuma ya bi ta hanyar bayan ɗakin karatu inda ba mutane.

Ga abin da ya ce mini a ofis, ka ji shi da kyau, Nasiru. Ya rufe ƙofa ya durƙusa gaban kujerata.

"Malam, ba inda za ka. Kai ka yi bayani da baki, ni in riƙa rubutu ga allo. Takardun jarrabawa ni ka duba su. Ba wanda za ya ji."

"Har yaushe?"

"Har Allah Ya kawo sauƙi."

"In bai kawo ba hwa?"

Na ce masa koyar da wannan abu ba a bakin malami yake ƙarewa ba. Ɗalibi zai kawo maka furogiram ɗinsa ya ce Malam ya ƙi tashi, kai kuma ka sunkuya ka ce ga inda ka ɓata. Nan ne koyarwa take. Ni yanzu in ya kawo, rabi zan gani, in ce masa daidai ne alhali ba daidai ba, ko in kayar da shi alhali ya yi daidai, kuma ba zan ma san na yi ba. Wanda ya san makaho ne yakan nemi ɗan jagora. Ni ciwona kullum gaya mini yake ina gani. Ladan ya yi kuka a ofishin nan kamar ƙaramin yaro. Takardar ajiye aiki ni na faɗa, shi ya buga, ya riƙe ta a aljihun tebur ya ƙi kai ta gaba, sai da na aika masa Luba ta ce ya yi wa Allah ya kai.

Sauran kun san wani abu a ciki. Gidan ma'aikata na masu aiki ne, muka kwashe muka koma gidan gado a Ƙofar Rini, ɗaki biyu a sashen Yaya. Aka canza muku makaranta, kai ka daina magana da kowa na wani lokaci. Luba ta koma koyarwa a firamare bayan ta daɗe da bari, tana fita da safe tana dawowa da ƙafafu a kumbure. Abin da ba ku sani ba shi ne yadda yinin yake in kun fita. Ina zaune a zaure, almajiran Yaya suna shigowa su gaishe ni su wuce ciki wurin mai karatu. Mutum ya saba kullum ana jiransa a wani wuri, sai ga shi ba mai jiransa ko'ina. Mutane suka riƙa cewa na yi girman kai, wai sun gaishe ni a hanya na share su, alhali ta hagu suka ɓullo. Na daina zuwa kasuwa, na daina zuwa suna da biki. Na roƙi Allah sauƙi, daga baya na koma roƙon haƙuri, akwai kuma ranakun da na idar da salla na zauna ban san abin da zan roƙa ba. Ban taɓa jin haushin hukuncinSa ba. Amma in na ce muku na samu wani abu da ya maye mini gurbin ajin nan, na yi muku ƙarya. Ban samu ba, har yau da nake wannan magana.

Wata Asabar, wajen ƙarshen shekarar, na ce Luba ta ɗauko kwamfutar daga ƙarƙashin gado. Ta ce mi za ka yi da ita? Na ce ki dai kawo, kuma kada ki zauna kusa da ni. Tana tsakar gida tana wanki, ni ina ɗaki. Na soma tun rana ba ta yi zafi ba. Kowane layi sai na sa yatsan dama na bi shi har bakin gilashi, na karanta da ƙarfi, sannan in wuce na gaba. Na kira hagu, na kira dama, na haɗa, na kwashe saura. Ya faɗi, na gyara, ya sake faɗi, na sake gyarawa. Har inuwa ta bar bakin ƙofa. Sai na danna, ya tashi, ya gama. Ban yarda da idona ba, na ƙwala mata kira. Ta shigo tana goge hannu da zane, ta sunkuya ta ƙirga da yatsa.

"Ɗaya, biyu, uku, biyar, shida, bakwai, takwas, tara. Malam, duka suna nan. Sun jeru!"

Fuskarta ta yi haske irin wanda na daɗe ban gani ba. Ta ce in aika a kira Ladan? Na dubi gilashin, na dubi rigata da ta jiƙe sharkaf da gumi, wuyana ya sanƙare saboda juyi, ƙafata ta mutu. Lambobi takwas, ni kaɗai a ɗaki, ba mai kallo, ba mai tambaya. Daga masallacin unguwa aka soma kiran azahar.

Na ce mata a'a, rufe ta kawai, ki zubo mini ruwa a buta.